Yadda Ake Haɗa Bita-buromositayirin Daga Asid Sinamik a Zafin Sakkwato

Ɗauki kwalaben gwaji biyu. A ta farko zuba ɗigo biyu na alil buromayid, CH2=CH–CH2Br. A ta biyu zuba ɗigo biyu na bita-buromositayirin, C6H5–CH=CHBr. Ƙara wa kowace mililita ɗaya na silba naitiret da aka narkar cikin itanol. Kafin ka ajiye ta farkon ta yi dusu-dusu, gari mai rawaya fatsi-fatsi ya fara kwanciya a gindi, wato silba buromayid. Ta biyun ko ka bar ta har la'asar tana nan garau kamar ba a zuba mata komai ba.

Dukkansu alkin ne, wato sinadarai masu tagwayen ɗauri tsakanin kabon biyu, kuma masu buromin, amma wurin da buromin ɗin ya zauna shi ne ya raba halinsu. A alil buromayid yana kan kabon da ke maƙwabtaka da tagwayen ɗauri, don haka da an taɓa shi yake ficewa, saboda cajin da zai bari a baya yana samun inda zai bazu. Wannan saurin ne ya sa alil buromayid ke sa ido hawaye, kuma shi ya sa ake amfani da shi wajen liƙa rukunin alil a kan oksijin ko naitirojin. A buromositayirin kuwa buromin yana kan kabon ɗin tagwayen ɗaurin kansa. Irin wannan ake kira binil buromayid. Ɗaurinsa ya fi gajarta, ya fi ƙarfi, kuma babu hanyar da wani sinadari zai biyo ta baya ya ture buromin ɗin. Shekaru da dama ana ganin wannan taurin kai a matsayin nakasu. Da aka gano abin da ƙarfen faladiyam ke iya yi, sai ya zama shi ne darajar kayan: buromin ɗin zai zauna daram ana ta wasu ayyuka a sauran sassan sinadarin, har ranar da ka kawo faladiyam ya ɗauke shi ya sa kabon a gurbinsa, ba tare da ya juya siffar tagwayen ɗaurin ba. Siffofin biyu ne: Z, inda manyan rukunan biyu ke gefe ɗaya na tagwayen ɗaurin, da E, inda suke ɓangarori masu adawa. Idan Z ka shiga da ita, Z za ka fita da ita. Saboda haka aikin duka ya koma kan abu guda: ka samu siffar da kake so tun farko, ka kuma hana ta juyewa.

Mafi sauƙin binil buromayid, CH2=CHBr, yana tafasa ne a wajen digiri 16, wato a garin nan iska ce ko da hunturu, kuma ana lissafa shi cikin abubuwan da ke iya jawo sankara. Ba shi da wurin zama a ɗakin gwajin ɗalibai. Buromositayirin ya fi dacewa da koyo: ruwa ne mai nauyi da ba ya tafasa sai wajen digiri 220, kayan haɗa shi ba su da tsada, kuma daga tushe ɗaya za ka iya fitar da Z ko E gwargwadon ruwan da ka dafa shi a ciki.

Mataki na farko: sa wa asid sinamik buromin

Asid sinamik, C6H5–CH=CH–COOH, farin gari ne, dangin sinadarin da ke ba kirfa ƙamshinta. Siffar E ake sayarwa, tana narkewa a digiri 133. Auna giram 5.0, milimol 33.7 ke nan. Narkar da shi cikin mililita 40 na asid asetik tsantsa, a fulas mai zagayen gindi na mililita 250, ka ɗumama a ruwan zafi zuwa digiri 50.

Buromin ɗin da ake buƙata milimol 33.7 ne shi ma: giram 5.4, ko mililita 1.7, tunda kowace mililita tana da nauyin giram 3.1. Nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Buromin yana tafasa a digiri 59. A watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta ke haura digiri 40 a Sakkwato, kwalbarsa cike take da jan tururi mai matsi, da ka murɗa murfi zai taso maka. Idan dole sai da shi, a tsoma kwalbar cikin ƙanƙara minti 20 kafin a buɗe, a buɗe cikin akwatin zuƙe hayaƙi da ke aiki da gaske, ga tabarau ga safar hannu biyu, ga kuma bika cike da ruwan sodiyam tayosalfet kashi 10 cikin 100 a gefe don abin da zai ɗiga. Nauyinsa kan sa ya zubo daga bututun awo ba tare da an matsa ba, don haka kusa da juna ake ajiye kwalbar da fulas ɗin. Shawararmu ga ɗakin da ke koyar da ɗalibai da yawa ita ce a bar ruwan buromin gaba ɗaya a koma ga firidiniyam tiraiburomayid, jan gari ne da ake aunawa a sikeli, yana sakin buromin a hankali cikin asid asetik. Giram 10.8 ne daidai lissafi. Wanda aka rubuta kashi 90 a jikin kwalbarsa sai a auna giram 12.

Zuba shi kashi-kashi cikin minti 20 zuwa 30 kana motsawa. Kada ka yi mamaki idan jan launin ya daɗe bai ɓace ba. Rukunin COOH yana janye ilektiron daga tagwayen ɗaurin, shi ya sa wannan alkin ba ya haɗiye buromin nan take kamar yadda saikulohekzin ke yi a gwajin aji. Bayan kashi na ƙarshe bar shi a digiri 50 zuwa 60 na rabin awa. Farin gari zai fara fitowa. Idan launin lemo ya tsaya bai gushe ba, buromin ya yi saura. Sauke, bari ya huce, juye cikin mililita 150 na ruwan ƙanƙara, sannan ka ɗiɗɗiga ruwan sodiyam baisalfayit har launin ya washe. Baisalfayit muka ce a nan, ba tayosalfet ba, domin tayosalfet cikin asid yana zubar da garin farar wuta, ya gauraya da kayanka ya ɓata maka awon narkewa.

Tace, wanke da ruwan sanyi sau uku har warin tsami ya tafi. Abin da ke kan takardar tacewa shi ne C6H5–CHBr–CHBr–COOH, wanda daga nan za mu riƙa kira daiburomayid. Iyakar abin da lissafi ya ba ka giram 10.4 ne. Sake narkar da shi cikin itanol da ruwa rabi da rabi masu zafi, ka bari ya huce da kansa kafin ka sa a ƙanƙara, ƙwayoyin za su fi fitowa da tsabta.

Auna narkewarsa. Digiri 202 zuwa 204 ake nema. Wannan lambar tana gaya maka cewa buromin biyun sun shigo ta fuskoki biyu masu adawa, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, aka samu siffar da ake kira eritiro. Da ta fuska ɗaya suka shigo, da siffar tiriyo ce, wadda ke narkewa wajen digiri 95. Idan naka ya fara laushi tun 180 ya ja har 195, ko asid sinamik bai ƙare ba ko kuma bai bushe ba. Kada ka wuce gaba da shi a haka, domin siffar da za ka samu a mataki na biyu daga wannan ta gada.

Gargaɗi guda kafin a taɓa asiton: kada a ɗauraye fulas ko mazurarin da ke da ragowar buromin da asiton. Su biyun suna haɗuwa su ba da sinadarin da ke ƙona ido, ɗaki guda ya watse. Baisalfayit tukuna, sai ruwa, sannan asiton.

Mataki na biyu: inda hanya ta rabu

Idan aka ba daiburomayid bes mai sauƙi, wato sinadarin da ke kashe kaifin asid, COOH ya koma COO mai caji, sai ya fice a matsayin iskar CO2, buromin ɗin da ke kan kabon mai zoben fenil, wato C6H5, shi ma ya fice, tagwayen ɗauri ya dawo, buromin ɗaya ya rage. Tun 1953 Grovenstein da Lee, da kuma Cristol da Norris, suka nuna cewa ruwan da aka yi aikin a ciki ne ke yanke siffar da za ta fito.

Cikin busasshen asiton babu abin da zai tallafi caji, don haka CO2 da buromin dole su fice lokaci guda, suna fuskantar ɓangarori masu adawa. Zana eritiro a takarda ka juya shi har su biyun su yi adawa, za ka ga fenil da buromin da ya rage sun faɗo gefe ɗaya. Z ke nan, duk da cewa ita ce siffar da ta fi takura. Cikin ruwa kuwa buromin yana iya ficewa shi kaɗai, ya bar kabon mai caji wanda ruwa da zoben fenil ke riƙewa na ɗan lokaci. A wannan ɗan lokacin ɗaurin tsakiya ya juya zuwa inda ya fi sakewa, sannan CO2 ya fita. Sakamakon mafi yawansa E ne, da ɗan Z a ciki.

Don samun Z, auna giram 3.08 na busasshen daiburomayid, milimol 10, da giram 2.76 na fotasiyam kabonet, milimol 20, da mililita 40 na asiton. Fotasiyam kabonet shi ne dai abin da ke ba ruwan toka kaifinsa a miya, kuma halinsa na shan danshi sananne ne. Da damina, a watan Agusta, kwalbar da aka bari a buɗe rabin yini takan dunƙule. Gasa shi a obin a digiri 150 na awa biyu, ya huce a rufe, ka niƙa shi laushi. Shi ma asiton a bar shi ya kwana kan busasshen fotasiyam kabonet. Kowane ɗigon ruwa da ya shiga yana buɗe hanya ta biyu, E ta ƙaru. Da hunturu iska kan taimaka, sai dai a rufe komai saboda ƙura.

Sa kwandensa ka tafasa a hankali awa ɗaya zuwa biyu kana motsawa, domin kabonet ɗin ba ya narkewa, a saman ƙwayoyinsa ake aikin. Matsalar garin nan ita ce ruwan kwandensa. Asiton na tafasa a digiri 56, ruwan da ya wuni a tankin saman rufi da bazara kuwa da ƙyar hannu ke jure shi da rana tsaka. Irin wannan ruwa ba ya mayar da tururin asiton, kafin awa ta cika fulas ya ƙafe, kayan su ƙone a gindi. Maganinsa bokiti ne da ƙanƙarar da ake sayarwa a unguwa, da ƙaramin famfon tankin kifi yana zagaya ruwan. Ka yi wa fulas ɗin alama da maka a daidai bakin asiton, in ya sauka ka ƙara. Kada a toshe saman kwandensa, CO2 na neman hanya.

Bi aikin da farantin TLC, wanda ke raba sinadarai gwargwadon nisan da kowane ya hau a kansa, cikin hekzen. Buromositayirin na gudu sama, asid ɗin na zaune a layin farko, dukkansu ana ganinsu da fitilar UV ta 254. Idan ɗigon ƙasa ya ɓace an gama.

Kada garaje ya sa ka canza kabonet da fotasiyam haidiroksayid don aiki ya yi sauri. A siffar Z, haidirojin ɗin da ke kusa da fenil yana adawa da buromin kai tsaye, bes mai ƙarfi zai cire HBr ya ba ka fenilasetilin. Hanya ce mai kyau ga wanda alkayin, wato mai ɗauri uku, yake nema, asara ce ga wanda buromayid yake so.

Bari ya huce, tace gishirin, janye asiton ba tare da ruwan wankan fulas ya wuce digiri 40 ba. Ƙara ruwa mililita 25, ka ciro kayan da hekzen mililita 20 sau biyu. Littattafai da yawa za su ce a yi amfani da sinadarin ita (ether) ko daikulorometen. An rubuta su ne a inda ɗaki ke digiri 20. Sinadarin ita na tafasa a digiri 35, daikulorometen a 40, wato da bazarar Sakkwato suna bakin tafasa tun suna cikin kwalba, in ka girgiza su a mazurarin rabewa murfi zai yi tsalle. Hekzen sai 69, etil asitet sai 77. Duk da haka a riƙa sakin iska bayan kowace girgiza.

A kula da wane ɓangare ake zubarwa. Buromositayirin tsantsa ya fi ruwa nauyi, wajen giram 1.4 kowace mililita, yana nutsewa ƙasa kamar ɗigon mai. Da ya narke cikin hekzen mai yawa sai ya koma sama. Wanda ya rage hekzen don tattali yakan samu ɓangarorin sun ƙi rabuwa. In ka yi shakka, ɗiga ruwa ka ga inda ya tsaya, kuma kada ka zubar da komai sai ka auna kayanka. Busar da hekzen ɗin da sodiyam salfet, tace, janye. Mai ne mai rawaya kaɗan, iyakar lissafinsa giram 1.83. Yana da ƙamshin fure mai ƙarfi, har masu sabulu sun yi amfani da shi, amma ba abin shaƙa ba ne, yana kuma cin fata.

Don samun E, giram 3.08 ɗin dai za ka sa cikin mililita 40 na ruwa da sodiyam kabonet giram 2.1, ka dafa kusa da tafasa har kumfa ta tsaya, mai ya taru a gindi, ka ciro shi kamar yadda aka faɗa. Kanwa ma sodiyam kabonet ce mafi yawanta, sai dai ga yashi ga gishiri, ba ka san nawa ka auna ba, a bar ta a kicin.

Ajiya tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Haske, da ɗan ragowar buromin ko HBr, suna juya Z ta koma E a hankali. Kwalba mai duhu, ko a naɗe ta da takardar alminiyam, a sa a firji, a yi amfani da ita cikin 'yan kwanaki. Kwalbar da aka bari bakin taga mako guda ba Z ba ce kuma, ko me aka rubuta a jikinta.

Gane siffar da ka samu

Farantin TLC ba ya raba E da Z sosai. NMR, na'urar maganaɗisu da ke nuna mazaunin kowane haidirojin, ita ce ke yanke hukunci: haidirojin ɗin da ke kan kabon mai buromin yana fitowa wajen 6.4 a Z, da tazarar rabewa kusan haz 8, a E kuma wajen 6.8 da tazarar kusan haz 14. Girman waɗannan biyun shi ne rabon siffofin. Inda babu NMR kusa, mataki na gaba da kansa zai ba da amsa, da na'urar auna narkewa kawai.

Ɗaurin Suzuki

Akira Suzuki da Norio Miyaura sun wallafa wannan hanya ta sa kabon a gurbin buromin a 1979 daga Jami'ar Hokkaido a Japan, kuma a 2010 Suzuki ya raba kyautar Nobel da Richard Heck da Ei-ichi Negishi. Faladiyam yana kutsawa tsakanin kabon da buromin, ya karɓi rukunin kabon daga boron, ya ɗaura su biyun, ya fito ya sake zagaye.

Auna miligiram 183 na buromositayirin, milimol 1. Ƙara miligiram 146 na asid fenilboronik, milimol 1.2, da mililita 4 na toluwin, mililita 1 na itanol, da mililita 1 na ruwan sodiyam kabonet mai ƙarfin mola 2. Busa naitirojin ta cikin ruwan da allura minti 15 kafin katalis, wato sinadarin faladiyam da ke tafiyar da aikin, ya shiga. Sannan sa miligiram 35 na Pd(PPh3)4, wato faladiyam mai ɗauke da tiraifenilfosfin (PPh3) huɗu, kashi 3 cikin 100 ke nan, ka dafa a digiri 80 ƙarƙashin balan-balan na naitirojin, awa 4 zuwa 6, da motsawa mai ƙarfi tunda ruwa biyu ne da ba sa gauraya.

Mafi yawan faɗuwar wannan aiki daga katalis ne. Mai kyau rawaya ne shar. Idan ya koma ruwan ƙasa ko kore-kore, iska da zafi sun cinye shi, kuma firjin da wuta ke ɗaukewa tana dawowa ba ya kare shi yadda ya kamata. Ga ɗakin da ba shi da tabbacin sanyi, PdCl2(PPh3)2 ko faladiyam asitet tare da PPh3 sun fi jure ajiya. Idan fulas ya yi baƙi ƙirin cikin mintunan farko, faladiyam ya dunƙule ya mutu, oksijin ya shiga. Oksijin ɗin ne kuma ke sa asid boronik ya ɗaura da ɗan'uwansa ya ba da baifenil, wani ɗigo da ke gudu kusa da kayanka a TLC.

Abin da za ka samu sitilbin ne, iyakarsa miligiram 180. Daga E, farin kiristal ne mai narkewa wajen digiri 124, yana fitowa da kyau daga itanol mai zafi. Daga Z, mai ne da ba ya daskarewa a zafin ɗaki. Idan kwalbar da ka rubuta wa Z ta ba ka kiristal da yawa, ka koma ka binciki bushewar asiton da inda ka ajiye kwalbar. A kuma sani cewa E ta fi Z saurin shiga wurin faladiyam, don haka wanda ya tsayar da aikin da wuri zai ga E fiye da ainihin rabonta.

Sauran hanyoyin duk wannan ƙofar suke bi. Da alkayin da ɗan kofa ayodayid da amin, hanyar Sonogashira ce ta 1975. Da wani alkin, ta Heck ce, a samu dayin. Magniziyam ma yana shiga ɗaurin, amma sai cikin ruwan narkarwa da ake kira THF, kamar yadda Henri Normant ya nuna a Faransa a 1954, kuma a nan siffa takan ɗan gauraya. Hanyar Corey da Fuchs ta 1972 tana ɗaukar aldihayid da CBr4 da PPh3 ta ba da alkin mai buromin biyu a kan kabon ɗaya, sai dai mayar da shi alkayin yana son butil litiyam a digiri 78 ƙasa da sifili. Wanda ba shi da busasshiyar ƙanƙara da layin naitirojin mai kyau kada ya soma.

Duk ruwan da ke ɗauke da sinadari mai buromin kwalbarsa daban, da rubutu a jiki, ba a haɗa shi da sauran sharar ba, ba a zuba shi a kwata, ba a kuma ƙona shi a bola, hayaƙinsa na ɗauke da HBr. Takardar da ka tace baƙin faladiyam da ita, busar da ita ka tara a gwangwani guda. Ƙarfe ne mai tsadar gaske, ana iya dawo da shi.